Idan Mai Ciwon Hanta Ya Sauya, Kada A Kwana Da Shi A Gida



Kwanakin baya wani matashi ya shigo kantinmu na magani a nan Gombe, ya ce: "Anti, a ba ni maganin maleriya da na taifot, Baba ne ba ya jin daɗi." Da na bincika, ashe mahaifin nasa ya daɗe da ciwon hanta, har cikinsa ya tara ruwa. Jikinsa bai yi zafi sosai ba, sai dai yana ta barci da rana, maganarsa ba kan gado, fitsari ya ragu. Ban sayar masa da komai ba, na ce ya kai Baba asibiti a take. Bayan kwanaki ya dawo ya shaida min gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, amma Alhamdulillahi an tare abin da wuri.

Me ya haɗa ciwon hanta da shigar cuta cikin jini? Jinin da ke fitowa daga hanji ta hanta yake fara bi, ita kuma ta tace shi, ta kama ƙwayoyin bakteriya da suka biyo shi. Idan hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, wannan tacewar takan yi rauni, bangon hanji ma ya saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyi irin su E. coli da Klebsiella sukan ratsa cikin ruwan ciki, daga nan su bazu cikin jini, su taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Sukan kuma shigo ta ciwon fitsari, ciwon huhu ko gyambon ƙafa.

Lamarin ya shafi gidaje da yawa. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu kuma ba su sani ba.

Abin da ke ruɗar iyali shi ne, mai irin wannan ciwo ba lallai ne ya yi zazzaɓi ba. Don haka ku lura da ruɗewa ko yawan barci, ciwon ciki, ƙaruwar shawara a ido, raguwar fitsari, numfashi sama-sama, aman jini ko baƙin bayan gida. Ko ɗaya kuka gani, ku garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha a ranar, ku faɗa wa likita tun farko cewa mai ciwon hanta ne, ku kuma tafi da duk magungunan da yake sha.

Kada ku fara ba shi kafso daga kemis, domin yakan ɓoye ƙwayar cutar a gwajin jini, ya kuma sa ta ƙi jin magani nan gaba. Ku guji allurar Gentamicin da magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen, sukan lalata masa ƙoda ko su jawo zubar jini. Farasitamol kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya 4 masu miligiram 500. Omeprazole ma sai likita ya rubuta. Jiƙe-jiƙen shawara kuwa ƙarin kaya ne ga hantar da ta riga ta gaji.

Sauran mutanen gida, ku je a gwada ku, wanda ba shi da cutar ya yi rigakafi. Jariri kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.