Likitan da zai tafi kallo, ya tuna da mutanen bakin ruwa



'Yan'uwana matasa, a 'yan shekarun nan likitocinmu sababbin kammalawa, waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da waɗanda suka dawo daga Sudan ko Masar, hankalinsu ya karkata ga abu guda: samun gurbin zaman lura a wani asibiti na Amurka ko Ingila. Ni malamin Islamiyya ne, ba likita ba, amma al'amarin ya shafi niyya da amana, don haka nake da ta cewa.

Da farko mu san abin da ake nema. Mai zaman lura ɗan kallo ne. Yana bin babban likita zagayen ɗakunan majinyata na 'yan makonni, yana gani, yana saurare, amma ba ya taɓa majinyaci, ba ya rubuta magani, ba a biyansa albashi. Sau da yawa ma shi ne ke biya. Ribarsa ita ce ganin tsarin aiki da samun wasiƙar shaida daga likitan da ya zauna a ƙarƙashinsa. Zaman ba ya maye gurbin jarrabawar USMLE ta Amurka ko PLAB ta Ingila. Duk wanda ya ce maka zaman lura lasisi ne, ya yaudare ka.

Hanyar nema a fili take. Ka rubuta wa likitan da kake so kai tsaye, wasiƙa gajeriya mai ladabi, ka faɗi fannin da kake so da lokacin da za ka zo. Ka nemi magabatanka na makaranta da suka riga ka zuwa, da ƙungiyoyin likitocin Nijeriya irin su ANPA a Amurka da MANSAG a Birtaniya. Ka tanadi takardar digiri, da rajistar hukumar MDCN, da shaidar rigakafi. Ka kuma binciki dokar biza kafin ka biya ko kwabo, domin tun shekarar 2025 Amurka ta tsananta wa 'yan Nijeriya. Za ka aika wasiƙu da yawa a yi shiru. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne dillalan da ke sayar da wasiƙar gayyata ta bogi, da masu koya wa matashi ƙarya a gaban jami'in biza. Wanda ya fara aikin ceton rai da takardar jabu, ta yaya za a amince masa da ran mutum?

Ba na cikin masu ganin tafiyar laifi ce. Imamu Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, kuma Ibnun Nafis ya koyi aiki a asibitin Dimashƙa kafin ya koma Alƙahira. Sai dai farillar kifaya tana da ma'ana: idan aka rasa mai yi a gari, nauyin yana kan kowa.

To, mu dubi namu garin. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, dubban mutane suka koma sababbin matsugunai a gaɓar tafkin. Gungawa da Kambari da Sarkawa masunta na Yawuri da Ngaski da Shanga suna fama da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Mace mai naƙuda a tsibiri sai ta hau jirgin ruwa kafin ta kai asibitin Yalwa, idan abin ya gagara kuma sai doguwar tafiya zuwa Birnin Kabi ko Sakkwato. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 55 masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya.

Ra'ayina shi ne: ka tafi, amma ka tafi da tambayoyin gida a aljihunka. Ka lura da yadda suke miƙa majinyaci daga hannu zuwa hannu, da yadda suke adana bayanai, da wanke hannu, da yi wa majinyaci bayani cikin mutunci. Waɗannan ba sa buƙatar na'urar miliyoyi, gobe ma za a iya fara su a Shanga. Idan kuma Allah Ya ƙaddara maka zama a can, kada ka yanke igiya: ka koyar da na baya, ka buɗe musu ƙofar da aka buɗe maka, ka zo aikin sa kai lokacin hutu.

Hukumomi ma suna da nasu nauyin, domin ba a riƙe likita da wa'azi kaɗai alhali babu albashi mai kyau, babu tsaro, babu kayan aiki.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi. Wallahu a'alam.