Katun Ɗin Likitocin Japan Ba Shirme Ba Ne

A majalisun dattawan Jekadafari da ke Gombe, da zarar an hangi matashi ya duƙufa kan waya yana kallon katun ɗin Japan, hukuncin ɗaya ne: ƙato da shi, har da gemu, yana kallon abin yara. Maganar ta samu gindin zama har malaman makaranta na maimaita ta. Ni kuwa ina ganin kuskure ne mai tsada, domin cikin finafinan nan na zane, da ake kira anime, akwai labaran likitoci da suka fi tallace-tallacen wayar da kai na rediyo iya koyar da lafiya.

Wanda ya share fagen, Osamu Tezuka, karatun likita ya yi a Osaka, amma zane ya runguma. A 1973 ya fara Black Jack, labarin likitan tiyata mara lasisi da ke tsawwala wa masu hannu da shuni, wani lokacin kuma ya ceci talaka kusan kyauta. Sai Monster na Naoki Urasawa, wanda aka haska kashi 74 tsakanin 2004 da 2005. Dakta Tenma, ɗan Japan da ke aiki a Jamus, ya bijire wa umarnin shugaban asibiti na ya bar yaron da aka harba a ka ya koma kan magajin gari. Yaron ya rayu, magajin gari ya mutu, Tenma ya rasa muƙaminsa, daga baya yaron ya zama makashi. Duk wanda ya taɓa zama kan bencin asibiti, takardar magani a hannu yana lissafin abin da ke aljihunsa, ya san tambayar ko ran talaka da na mai mulki daraja ɗaya gare su ba ta yara ba ce.

Ta fuskar ilimi ma haka. Cells at Work, na 2018, ya mai da ƙwayoyin jini mutane: jar ƙwaya 'yar aike ce mai dakon iska a kwali, farar kuma soja mai wuƙa da ke farautar ƙwayoyin cuta. Yaron da ya kalle shi ya fahimci garkuwar jiki, kuma wanda ya fahimci haka da wuya a ruɗe shi da jita-jitar da ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003. The Apothecary Diaries, na 2023, ya buɗe da jarirai na ciwo a fadar sarki, mutane na cewa la'ana ce, sai baiwa Maomao ta gano farar hodar da iyayensu ke shafawa ce ke ɗauke da guba. Wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara, har gobe kuma ana rambaɗa wa jarirai kwallin da bincike ya nuna akwai dalma a wasu nau'o'insa.

Za a ce akwai tsiraici da zubar da jini a anime. Gaskiya ne, wasu ba su dace da yara ba, Monster ma na manya ne. Amma maganin wannan tantancewa ce, irin wadda muke wa finafinan Indiya da muka shafe shekaru muna kallo ba mu kira su shirme ba. Za a kuma ce tiyatar Black Jack ƙarya ce tsagwaronta. Haka ne, yakan yi abin da babu likitan da zai iya. Sai dai ba wanda ya ce a je can neman magani. Abin da labaran ke dasawa ɗabi'a ce ta tambayar musabbabin ciwo kafin a ɗora wa maita ko iska, ita ce kuwa muke ƙamfa.

Saboda haka maimakon ƙwace waya, masu fassara finafinan Indiya a Kano su zaɓi masu tsafta daga cikin waɗannan su mai da su Hausa, da izinin masu su. Gombe kuma tana da asibitin koyarwa na tarayya, da ɗaliban likita a jami'ar jiha, da asibitin saran maciji a Kaltungo. A haɗa ɗaliban da matasa masu zane, su tsara labarin manomin da kububuwa ta sara, da abin da kowace sa'a ta jinkiri ke yi wa jininsa. Dattijon da ke tsawata wa ɗansa a yau shi zai fara cewa a mayar masa daga farko.