Akwatin Wayar Gida Bai Dace Da Injin Shinkafa Ba

A Gwandu da Kalgo, mai injin casar shinkafa kan zuba kuɗi wajen sayen inji da janareta. Amma idan aka zo kan akwatin haɗa wayoyin lantarki, sai a kafa na roba irin na ɗakin kwana, a naɗe waya da salatef. Araha dai ba ta ado.

Idan ƙurar ɓuntu ta cika iska, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama da wuta, haka ma tururin fetur a gidajen mai. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta IEC 60079 ta kasa irin waɗannan wurare: shiyya ta 0 zuwa 2 don gas da tururin mai, 20 zuwa 22 don ƙura. Akwatin da ya dace da su yana ɗauke da alamar Ex. Lambar IP65 kaɗai ba ta wadatar, domin hana shigar ƙura da ruwa kawai take nunawa.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba aikin waya. Ya kamata bincikenta ya kai ga ƙananan injina, kada ya tsaya a manyan kamfanonin Birnin Kebbi da Argungu. Mai inji kuma ya nemi ma'aikaci mai lasisi, domin kuɗin akwati bai kai asarar buhunan shinkafa ba.