Ƙaura ba gudu ba ce: magidanci ya nemi ruwa da takarda kafin ya ɗaure kaya

Ƙasar Damargu ta san ƙaura tun kaka da kakanni. Geronta ne ya ciyar da ayarin Abzin, kuma neman sabuwar gona ne ya kafa yawancin tungayenta. Amma ƙaura iri biyu ce. Akwai wadda wuya ke korowa, kamar ta farin 1973 da ta 1984, lokacin da iyalai suka bar rumbuna wayam suka nufi Damagaram da Kano. Akwai kuma wadda magidanci ke zaɓa da kansa, yana da lokacin shiri. A kan wannan ta biyu ce ake yawan sakaci.

A ƙasar Ollelewa, cikin gundumar Tanut, dalilan tashi ba su ƙare ba. Gida ya cika, ƙane yana son ya ware nasa. Gona ta gaji, ana hangen wata. Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011, wasu sun matso bakin hanyar Damagaram zuwa Agadas, wajen Bakin Birji, don neman aiki ko kasuwa. Duk waɗannan dalilai ne na ƙwarai. Abin tsoro shi ne a ɗora tabarmi da tukwane a kan amalanke alhali ba a warware abin da zai zaunar da iyali ba.

Na farko shi ne ruwa. Rijiyoyin Damargu suna da zurfi, tabkuna kuma suna ƙafewa da rani. Wurin da ya yi kore a watan Agusta yana iya zama ƙeƙasasshe a watan Afrilu. Zuwa da kai ya fi aike: magidanci ya je da ƙafarsa cikin bazara, ya ga rijiyar, ya san mai ita, ya auna nisanta. Ya kuma shawarci matan gida, domin su da yara ne za su ɗauki wannan nauyi kullum safiya.

Na biyu shi ne fili. Maganar baki ta ishi kakanni, amma yau jama'a ta yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, kuma suna ba da takardar shaida ta saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Wanda ya gina a kan filin aro ba takarda, ranar da mai aron ya rasu, magada za su iya tashinsa, ya rasa ɗaki ya rasa gumi. Haka nan a kiyayi burtali da makiyaya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara tsare hanyoyin bisashe. Gonar da aka sara a kan burtali rigima ce aka shuka, ba gero ba.

Na uku shi ne lokaci. Ginin ƙasa aikin rani ne. Wanda ya tashi bayan kaka yana da hatsi a hannu, yana da watannin da zai yi tubali, ya kafa rumbu, ya share gona kafin ruwan shuka. Wanda ya jira sai hadari ya haɗo zai raba ƙarfinsa tsakanin gini da noma, ya yi asarar duka biyu.

Na huɗu takardun iyali ne. Takardar haihuwa, katin rigakafin yara da katin ɗan ƙasa su shiga jaka ɗaya da ba ta rabuwa da mai gida. A karɓi takardar canjin lakwal daga hannun darakta, don kada ƙaura ta zama ƙarshen karatun yaro, balle ɗiya mace. A nan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da babban aiki: su karanta wa maƙwabta abin da aka rubuta kafin a dangwala yatsa.

Wani zai ce talaka ba ya da halin wannan dogon shiri. Amma tambaya da sallama ba sa cin kuɗi, kuma talaka ne ya fi kowa kasa jure asara. Hukuma ita ma tana da nata rabo: mai gari da magajin gari su sauƙaƙa samun takardar fili, masu canza wa ma'aikata wurin aiki kuma su sanar da su cikin babban hutu, kafin a koma lakwal a watan Oktoba.

Magidanci ya biya bashi, ya yi ban kwana da maƙwabta, ya gabatar da kansa ga mai garin da zai sauka. Idan ruwa, fili da takarda sun tabbata, sai a ɗaure kaya da sunan Allah.