Gudun Motar Sintiri a Hanyar Funtua zuwa Malumfashi

Duk mai bin hanyar Funtua zuwa Malumfashi ya saba da wannan: kana tafe a bayan motar masara, sai motar 'yan sanda ta wuce ka fuu, ta bar ka da ƙura. Ƙa'idar hanya ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya. Me ke sa masu tsaron doka su zarce?

Uzurinsu na farko ban raina shi ba. Idan kira ya zo daga wani ƙauyen Faskari cewa 'yan bindiga sun shigo, jinkirin minti biyar na iya raba magidanci da iyalinsa. Ga kuma fargaba: motar da ke tafiyar hawainiya ita 'yan kwanton ɓauna ke jira.

Inda nake da ja shi ne gudun da babu kira a bayansa, irin na rakiyar babban mutum zuwa ɗaurin aure. Nan dalili ɗaya ne: direba ya san da wuya jami'in kiyaye haɗurra ya ɗaga masa hannu. Lissafin birki kuwa ba ruwansa da kaki. In gudu ya ninku biyu, tazarar tsayawa sai ta ninku huɗu. Kuma da kaka, a wajajen Bakori, gefen kwalta wurin shanyar hatsi ne, ga amalanken shanu, ga yara masu talla.

Roƙona ga shugabanninsu: duk jiniyar da aka kunna, a rubuta kiran da ya sa aka kunna ta.