Darasi Cikin Wayar Hannu: Wa Aka Ɗinka wa Rigar?

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wani al'amari da muka bar wa masana kwamfuta, alhali kuwa ya shafi Sashen Hausa kai tsaye, wato darussan da ake shiryawa domin koyo ta intanet. Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan a watan Maris na 2020, irin waɗannan darussa suka yawaita. Sai dai akasarinsu a kan kwamfuta ake tsara su, a kanta ake gwada su, sa'an nan a miƙa wa ɗalibin da bai mallaki komai ba sai wayar hannu.

Inda Gizo Ke Saƙar

A ƙarƙashin kowane darasi mai tambaya da amsa akwai wasu ƙananan umarni da mai tsarawa ya rubuta, galibi da harshen kwamfuta da ake kira JavaScript. Su ne ke buɗe shafi na gaba, su kunna murya, su duba amsa, su ba da maki. Ɗalibi ba ya ganin su, amma idan suka cije, darasi ya tsaya.

Na ga haka da idona lokacin da na je hutu gida Tambuwal. Wani ƙanena da ke koyarwa a wata firamare a ƙasar Kebbe ya zo mini da wayarsa, ya ce: "Yaya, kwana uku ke nan ina kan shafi ɗaya." Da na duba, sai na tarar an tsara bayanin ne ya fito idan an ɗora linzamin kwamfuta a kan hoto. Waya kuwa ba ta da linzami. Muryar malamin ma ba ta tashi ba, domin wayoyi kan hana sauti kunna kansa sai an taɓa. Bugu da ƙari, da Opera Mini yake shiga saboda tsimin data, ita kuwa idan tana matsanancin tsimi ba ta barin irin waɗannan umarni su yi aiki sosai.

Akwai kuma matsalar sabis. Darasin da sai ya tuntuɓi intanet kafin ya buɗe kowane shafi bai dace da ƙauyukanmu ba. Mu tuna cewa a shekarar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Ɗalibin da karatunsa ya rataya ga layi, ranar da layi ya yanke karatu ya yanke.

Abin da Ya Shafe Mu

Matsalar da ta fi damuna ita ce ta harshe. Umarnin da ke duba amsa bai san ma'ana ba, harafi yake gwadawa da harafi. Alal misali, idan amsar da aka ajiye ita ce "ƙofa", ɗalibin da wayarsa ba ta da ƙ mai lanƙwasa zai rubuta "kofa", a ba shi sifili. Wani mai tsarawa, don gudun wannan, sai ya ce a ɗauki k da ƙ abu ɗaya. Ta haka "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", sun zama kalma guda, an rusa ƙa'idar da muka zo jami'a mu koya. Masanin kwamfuta ba zai iya warware wannan shi kaɗai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce ai laifin wayar ne, ɗalibi ya nemi babba. Ban yarda ba. Ƙasar nan tamu ta san koyarwa daga nesa tun kafin zuwan Turawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ilimi cikin waƙoƙi masu sauƙin hadda, jajinta suna kai wa matan ƙauyuka. Ta auna darasi da abin da mai ɗauka zai iya ɗauka. Ba ta jira ƙauye ya zama birni ba.

Kammalawa

Bisa ga haka, ina ba da shawarwari uku. Na farko, kada a saki darasi sai an gwada shi a kan ƙaramar waya, a wuri irin Kebbe. Na biyu, a tsara shi yadda za a sauke sau ɗaya a karanta ba tare da intanet ba, kuma ko umarnin ya ƙi aiki a iya ganin rubutun. Na uku, a sa ɓ da ɗ da ƙ da 'y a jikin shafin domin ɗalibi ya taɓa, kuma ɗaliban Hausa su tantance amsoshin da za a karɓa. Idan muka yi shiru, wasu za su yanke wa harshenmu hukunci, mu kuma mu zo daga baya muna gyaran abin da yara suka riga suka koya ba daidai ba.