Itacen Kwinin

Can a Amurka ta Kudu akwai wasu dogayen duwatsu da ake kira Andis. A gindinsu da kuma gangarensu, cikin ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, akwai kurmi mai sanyi da yawan ruwan sama. A nan ne asalin wani itace da ake kira sinkona. Shi dai sinkona iri-iri ne, wani dogo, wani gajere kamar kargo. Furensa ƙanana ne masu ƙanshi, wasu farare, wasu jajaye. Danginsu ɗaya da itacen gahawa, haka kuma da gauɗe da giyayya da tafashiya na ƙasar Hausa. Amma darajarsa tana cikin ɓawonsa, wanda yake da ɗaci ƙwarai, gama daga cikinsa ake samun kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro.

Tun wajen shekara ta 1640 aka fara kai ɓawon nan Turai, ana dakawa ana sha. A 1820 waɗansu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka gano yadda za a tace ainihin maganin daga ɓawon. Amfaninsa ya bayyana har a kogin Kwara. A 1841 Turawan Ingila sun shigo kogin da jiragen ruwa, zazzaɓi ya kashe musu mutum wajen 40. A 1854 kuwa Likita Baikie ya shigo Kwara ya hau Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kowace rana, ya koma bai rasa ko mutum ɗaya ba.

To, da duniya ta ji wannan labari sai kowa ya so ɓawon. Masu sassaƙa suka bazu cikin kurmin Andis da gatura. In sun sami itacen sai su kayar da shi, su feɗe ɓawon kaf, su busar, su ɗauka zuwa bakin teku. Kuɗi suna shigowa, ba mai tunanin shuka wani a gurbinsa. Kowace shekara sai an ƙara nisa cikin kurmi kafin a ga itace guda. Wannan shi ne babban kuskuren da aka yi. Ba a ga laifin talakan da ya sari itace don ya ci abinci ba. Laifin yana kan manyan da suke karɓar riba, ba su sa an dasa ko ɗan tsiro ba.

Akwai wani mutumin Bolibiya, sunansa Manuel Incra Mamani, wanda ya san itatuwan nan kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ba makaranta ya yi ba, amma in ya dubi ganye da ɓawo ya kan faɗi wanda ya fi ƙarfin magani. Ya yi shekaru yana jiran itatuwan da ya zaɓa su yi iri mai kyau. A 1865 ya tara irin, ya kai wa wani ɗan kasuwa Bature mai suna Charles Ledger. Gwamnatin Ingila ba ta kula ba, sai mutanen Holan suka sayi kamar laba ɗaya, suka kai tsibirin Jawa, wanda yake cikin Indunusiya a yau. Shi kuwa Mamani, abin tausayi, an kama shi a 1871 saboda tara irin, aka yi masa dūka, bai daɗe ba ya rasu. Ya kamata a riƙa tunawa da sunansa duk lokacin da aka ambaci kwinin.

A Jawa an yi aiki da haƙuri. Aka yi reno, aka dasa, aka zaɓi masu kyau aka ƙara yaɗa su, in an sare wata gona akwai wata tana tasowa. Kafin 1930 kusan kashi tara cikin goma na kwinin ɗin duniya daga Jawa yake fitowa. Ƙasashen da Allah ya ba itacen tun asali kuwa cinikin ya kuɓuce musu. Har yanzu hoton sinkona yana jikin tambarin ƙasar Peru, amma itacen kansa ya yi wuyar gani a dazukanta. A yau an sami sababbin magungunan zazzaɓi waɗanda likitoci suka fi bayarwa, duk da haka ba a bar kwinin ba, ana kuma noman itacen a gabashin Kwango.

Wani zai ce sinkona ba ya fita a ƙasar Hausa, me ya haɗa yaran nan da labarinsa? Ai duk wanda ya bi hanyar daji ya ga maɗaci ko tafashiya da aka sassaƙe, ko aka tone saiwarta, don magani. Sau da yawa a kan zagaye gindin itacen duka da gatari. Abincin da ganye ya haɗa kuwa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. In aka feɗe ɓawon kewaye, hanya ta yanke, saiwa ta rasa abinci, itacen ya bushe a tsaye. Mai sassaƙa ya sami ƙunshi ɗaya, ya hana dukan gari na shekaru masu zuwa.

Ba a ce a daina neman magani a daji ba, ko da yake yaron da zazzaɓi ya kama asibiti ya kamata a kai shi da sauri. Abin da ake nema kaɗan ne. Mai ɗiban sassaƙe ya ɗebi gefe ɗaya, ya bar sauran don itacen ya warke, kada kuma ya koma masa sai ɓawon ya rufe. 'Yan makaranta su tambayi tsofaffi sunan kowane itace da amfaninsa, su rubuta. In 'ya'yan maɗaci sun fashe da rani, su tsinci irin, su shuka a lambun makaranta, su riƙa ban ruwa, su kuma yi masa shinge na ƙaya saboda awaki.